Yadda ake odar sabuwar a-kori-kura daga masana'anta, a bi sawunta har ta iso Katsina

Duk wanda ya je wurin dila neman sabuwar Hilux ko D-Max ko Ranger, amsar da ya fi ji ita ce "nan da mako shida, in sha Allahu". Wani lokaci hakan take. Sau da yawa kuwa wata huɗu ne aka dunƙule aka ce mako shida, don kada ciniki ya suɓuce. Tsakanin masana'anta da ƙofar gidanka akwai zango shida: layin ƙira, jiran jirgi, tafiyar ruwa, fito a Legas, duban dila, sai hanyar Arewa. Kowane zango yana da takardar da ke nuna an wuce shi, kuma wanda ya san takardun nan ba a yi masa "gobe, jibi".

Abin da za ka tanada

Kuɗin motar a asusun banki, tare da rarar da ba za ka taɓa ba. Jigila daga Legas, inshora, lamba da la'adar dillali galibi ba sa cikin farashin da aka fara faɗa maka.

Lambar NIN ɗinka. In da sunan kamfani ko ƙungiyar manoma za a saya, a haɗa da takardar rajistar CAC da lambar haraji ta TIN. Sunan da aka rubuta a rasidin farko shi ne zai bi motar har wurin yin lamba, kuma gyara shi daga baya wahala ce.

Takarda guda da ka rubuta ainihin irin motar da kake so, za mu zo kanta a mataki na 2.

Waya mai intanet, da adireshin imel ko WhatsApp da za a riƙa turo maka hoton takardu. Maganar baki ta waya ba ta zama hujja.

Don ranar karɓa: makaniken da ka yarda da shi, tocila mai haske sosai, gejin iskar taya, da tabarma ko kwali da za a kwanta a leƙa ƙarƙashi.

1. Fara lissafi daga ranar da kake buƙatar motar, ka dawo baya

Mai kwasar masara da waken suya daga ƙauyukan Bakori da Dandume yana son mota a hannu kafin Oktoba. Mai rabon taki yana sonta kafin ruwa ya zauna a watan Yuni. Mai kai kaya kasuwar Mai'aduwa ko Jibiya duk mako ya san ciniki ya fi tashi gab da Babbar Sallah. Ka sa ranarka a kalanda, sannan ka cire lokacin jira gwargwadon inda motar take yau.

In tana ajiye a filin dila a Legas, an riga an yi fitonta, ka ƙiyasta mako ɗaya zuwa biyu. In tana cikin jirgi, wata ɗaya zuwa biyu. In kuwa ba a ƙera ta ba tukuna, sai an sa oda a masana'anta, to ka sa wata uku zuwa shida a ranka, kuma ka fi karkata ga shidan in ka nemi launi ko inji da ba a saba kawowa ba. Wato wanda ke son mota don kaka, a watan Afrilu ko Mayu ya kamata ya sa oda, ba bayan masara ta fitar da goyo ba.

Tambayar farko ga dila ke nan, kafin farashi ma: motar nan tana ƙasa, tana ruwa, ko ba a yi ta ba? Kada ka bar ofishin da amsar "tana nan tafe".

2. Rubuta irin motar dalla-dalla

Mai ƙofa biyu ce mai dogon baya, ko mai ƙofa huɗu? Tana ja da ƙafa biyu ko da huɗu? Giyar hannu ko otomatik? Fetur ko dizal? A Hilux, alal misali, akwai injin fetur mai lita 2.7, wanda kowane makanike a Ƙofar Ƙaura ya san cikinsa, akwai kuma dizal mai 2.4 da mai 2.8. Rubuta launi, rubuta shekarar ƙira.

Nan ne mutane ke ƙara wa kansu wata biyu ba su sani ba. Manyan dilolin ƙasar nan farar mota mai ƙofa huɗu suka fi kawowa, domin ita hukumomi da kamfanoni ke saye da yawa. Ka nemi fara, wataƙila a ciro maka daga cikin wadda ke kan hanya. Ka ce sai ja ko baƙa mai kujerun fata, sai an buɗe maka sabon layi a masana'anta. In aiki kake so ta yi ba kwalliya ba, karɓi fara. Ƙarfen baya na ɗaure kaya, rumfa da shimfiɗar roba duk ana sa su a Kano ko Kaduna cikin yini ɗaya ko biyu, ba sai an jira su daga waje ba.

Abu biyu ba a sassauci a kansu. Sitiyari dole ya kasance a hagu, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Thailand da Afirka ta Kudu, inda aka fi ƙera waɗannan motoci, duk masu sitiyarin dama ne a gida, na hagu kuwa don fitarwa suke yin su, saboda haka a rubuta shi ɓaro-ɓaro. Na biyu, kada ka karɓi dizal ɗin da aka ƙera don kasuwar Turai. Tana da matacin hayaƙi da ke son mai tsabtatacce ƙwarai, in ta sha gas ɗin da ake sayarwa a jarka sai ya toshe, mota ta riƙa rage ƙarfi tana kunna fitila a dashbod.

3. Zaɓi hannun da za ka saya

Dila mai izinin kamfani ya fi tsada, amma motarsa tana da garanti, kuma odarsa tana shiga masana'anta kai tsaye. Ofisoshinsu sun fi yawa a Legas, Abuja, Kaduna da Kano, don haka mutumin Katsina ko Daura yakan yi cinikin ta Kano ne.

Akwai 'yan kasuwa masu kawo sababbi dal daga Dubai. Sukan fi sauri, domin motar an riga an ƙera ta tana ajiye, jirgi kawai take jira. Sai dai ka tambayi dila mai izini ko zai karɓi garantinta kafin ka biya, don sau da yawa ba ya karɓa.

In lokaci ya ƙure maka, duba haɗin gida. Kamfanin Dangote da Peugeot yana haɗa Landtrek a Kaduna, Innoson kuma yana yin nasa a Nnewi. Ba ruwanka da jirgi da kwastan in akwai ta a ƙasa, kuma daga Kaduna tafiyar yini ɗaya ce. In babu a ƙasa, su ma jiran kayan haɗi suke daga waje, sai ka yi musu irin tambayar mataki na 1.

Wani zai ce maka ta Kwatano a biyo Maraɗi a shigo ta Jibiya ko Kongolam ya fi araha. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da ba ta da cikakkiyar takardar fito ana iya tsare ta a kowane shinge, ko bayan shekara nawa. Arahar nan ba ta kai sabuwar mota zama a harabar kwastan ba.

4. Yarjejeniya da kafin-alƙalami

Kafin ka tura ko sisi, a ba ka takardar farashi mai hatimin kamfani, ɗauke da duk abin da ka rubuta a mataki na 2. A asusun kamfani ake biya, ba na yaron ofis ko dillali ba, kuma sunan asusun ya zo daidai da sunan da ke kan takardar. Kana iya duba rajistar kamfanin a shafin CAC daga wayarka. Dillali a ba shi la'adarsa daban, bayan mota ta iso.

Abu huɗu su shiga yarjejeniya a rubuce. Ranar da za a ba ka lambar shasi, wato lambar shaidar da kowace mota ke da tata ita kaɗai. Ranar miƙa mota da wurin miƙawa, Legas ne ko Kano ko Katsina, domin kalmar "za mu kawo" ta sha haɗa mutane faɗa. Sannan farashi: tsayayye ne, ko zai bi dala? Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, canjin da kwastan ke lissafa kuɗin fito da shi ya riƙa motsi, kuma dila ba zai ɗauki asarar shi kaɗai ba sai in ya sa hannu a kan haka. In ya ƙi tsayar da farashi, a rubuta iyakar ƙarin da za ka iya ɗauka, da 'yancinka na janyewa in an wuce ta. Na huɗu, in ranar ta wuce da kwana kaza ba mota, a mayar maka da kuɗinka cikin kwana kaza.

Kada ka biya duka a kan motar da ba a ƙera ba. Kafin-alƙalami ya isa a wannan matsayi, kashi na biyu in an nuna maka takardar lodin jirgi, cikon kuma ranar da ka gan ta da idonka.

5. Layin masana'anta

Haɗa motar kanta bai fi yini ɗaya zuwa biyu ba. Jiran layi ne ke cin lokaci. Babban dila yana tara odar wata guda ya aika gaba ɗaya, masana'anta kuma tana tsara aikinta wata biyu ko uku gaba. In ka biya kwana biyu bayan an rufe odar wannan wata, ka yi asarar kusan mako huɗu tun ba a fara ba. Tambayi dila ranar da suke rufe oda, ka biya kafin ta.

Akwai lokutan da aiki ke tsayawa. Masana'antun Afirka ta Kudu suna rufewa daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. A Thailand ana hutun sabuwar shekararsu a tsakiyar Afrilu. Akwai kuma abin da ba mai iya tsarawa: ambaliyar Afrilun 2022 ta tsayar da masana'antar Toyota ta Durban wata huɗu, ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki kuma ya jinkirta motoci a duniya baki ɗaya a 2021 da 2022.

Shaidar wannan zango ita ce lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki, in ka ga ɗayansu an yi kuskuren kwafa. Ukun farko suna faɗin inda aka ƙera ta: Hilux mai farawa da AHT daga Afirka ta Kudu take, mai MR0 daga Thailand. Wannan kaɗai ya isa ka san tsawon tafiyar ruwan da ke gabanka. Muddin ba a ba ka lambar nan ba, babu wata mota takamaimai da ake ce wa taka, wuri kawai ka kama a layi, kuma ana iya ba wani mai odar mota hamsin gurbinka. Da ka same ta, a rubuta ta a jikin rasidinka.

6. Jirgin ruwa

Bayan an gama ta, motar takan yi mako ɗaya zuwa uku a tashar jiragen ruwa tana jiran jirgin da ya nufo Afirka ta Yamma. Iri biyu ne: jirgin roro, wanda ake tuƙa motoci a shiga da su a ɗaure, da kuma kwantena. Manyan diloli roro suka fi amfani da shi, masu kawowa daga Dubai kuma sukan sa a kwantena. Daga Durban zuwa Legas ka ƙiyasta mako biyu zuwa uku, daga Thailand ko Dubai mako biyar zuwa takwas, musamman in za a sauya jirgi a wata tasha.

A nan ne za ka fi jin "tana kan ruwa". Ka kira, a ce maka, "Alhaji, kwantar da hankalinka, motarka tana kan ruwa." Sai ka ce, "Madalla, ranka ya daɗe. Mene ne sunan jirgin, kuma ran nawa ga wata ya tashi? A turo mini hoton takardar lodi." Takardar lodin jirgi tana ɗauke da sunan jirgi, tashar da aka yi lodi, ranar lodi da lambar shasi. Ka gwada lambar da ta rasidinka harafi bayan harafi. Daga nan ka rubuta sunan jirgin a shafin intanet na bin sawun jirage, MarineTraffic ko VesselFinder, za ka ga inda yake da tashar da ya nufa. Kada ka firgita in ka gan shi a Tema ko Lome ko Kwatano, jiragen nan suna tsaye-tsaye. Ranar isowa da shafin ke nunawa ita ma takan matsa da kwana biyu ko uku.

Dilan da ya kasa faɗin sunan jirgi bayan ya ce mota ta taso, ɗaya cikin biyu ne: ko ba ta taso ba, ko shi ma a hannun wani yake saye.

7. Fito a Legas

Motocin roro sun fi sauka a Tin Can, musamman tashar PTML. Tun kafin jirgi ya iso ya kamata mai shigo da kaya ya gama Fom M, wato fom ɗin bayyana kayan da za a shigo da su, ta banki, ya sami takardar SONCAP ta ingancin kaya, kwastan kuma su fitar da PAAR, wato takardar tantance kaya kafin su iso. In waɗannan sun kammala, aka biya kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5, aka duba mota, fito yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. In an sami saɓani, ko da harafi ɗaya ne a lambar shasi tsakanin takardar lodi da PAAR, sai an gyara daga tushe, kuma kowace rana kuɗin ajiya na tasha yana hawa. Yarjejeniyarka ta nuna wannan kuɗi ba a wuyanka yake ba. Hutun Sallah, na Kirsimeti da ranakun da na'urar kwastan ta tsaya duk suna ƙara kwanaki.

In kai ne ka shigo da motar da kanka, nemi ejan mai lasisin kwastan, ka biya kuɗin fito da hannunka a banki, ka ba shi ladan aikinsa kawai. Ejan da ya ce zai yi maka fito a rabin kuɗi rage darajar motar zai yi a takarda, kuma cikon yana nan yana jiranka a shingen hanya.

Takardun da za ka karɓa: takardar bayanin kaya mai ɗauke da lambar rajistar kwastan, wadda ake kira lambar C, takardar ƙiyasin haraji, rasidin banki, da takardar fita daga tasha. Kana iya kai lambar C ofishin kwastan na Katsina a tabbatar maka da ita.

8. Daga Legas zuwa gida

Dila zai riƙe ta kwana biyu zuwa biyar a wanke, a cire kariyar jigila, a duba mai da batir da na'urori. Daga nan tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, ta Ibadan, Ilori, Jebba da Mokwa, ko ta Lokoja da Abuja, a haɗu a Kaduna, a wuce Zariya, sannan ko ta Funtuwa da Malumfashi ko ta Kano. Mai zuwa Daura ta Kano da Kazaure ya fi masa.

Tirelar ɗaukar motoci takan yi kwana uku zuwa biyar, amma ba ta tashi sai ta cika, kuma yawancinsu a Kano suke saukewa. Jiran cikar lodi shi kaɗai yakan ci mako guda. Duk da haka ita ce zaɓin da ya fi. In sauri kake, a ba direba ya tuƙo ta cikin kwana biyu, da sharuɗɗa: inshora ta fara aiki kafin ya tayar, ba tafiyar dare, ba fasinja, ba lodin kowa a baya, kuma kada ya riƙe sabon inji a gudu ɗaya mai tsanani na sa'o'i. A ɗauki hoton mitar kilomita da na jikin motar ta kowane gefe kafin ya fita. Ko ta wace hanya, kwafin takardun kwastan su biyo motar, na ainihi kuma su zo hannunka daban.

9. Ranar karɓa

Da rana ake karɓar mota, a fili, bayan an wanke ƙurar hanya. Kada ka sa hannu a takardar karɓa sai an gama dubawa, domin abin da ka gani bayan sa hannu ya zama naka.

Fara da lambar shasi. Tana buge a jikin ƙarfen shasi, tana kuma kan faranti ko sitika a ginshiƙin ƙofa, littafin motar zai nuna maka wurin. Makanike ya haska tocila ya karanto da ƙarfi, kai kana bin rasidi da takardar kwastan da yatsa. Duba mita: wadda tirela ta kawo bai kamata ta wuce 'yan gomomin kilomita ba. Tsuguna gefen taya ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In ka ga 2325, an yi tayar a mako na 23 na 2025. Tayoyi biyar ɗin su kasance na lokaci kusan ɗaya, kuma su dace da shekarar da aka ce an ƙera motar. Taya mai shekara biyu a jikin "sabuwar shigowa" tana gaya maka motar ta daɗe a ajiye, ko an musanya.

Tsaya a kusurwa ka kalli fenti ta gefen haske, wurin da aka sake fesawa yakan bambanta da sauran, kuma za ka ga burbushin fenti a bakin robar gilashi. Leƙa ƙarƙashi ka duba inda aka ɗaura sarƙa, nan ne ake lanƙwasa ƙarfe. Auna iskar taya, don masana'anta tana cika ta fiye da ƙima saboda zaman jirgi, a rage zuwa abin da sitikar ƙofa ta ce. Kunna na'urar sanyaya ɗaki, gwada gilasai da fitilu, in mai ja da ƙafa huɗu ce a sa ta a kan ƙasa mai yashi a ga ta shiga ta fita. Ƙirga makullai biyu, jak, sifana, safaya, littafin mota da littafin garanti mai hatimin dila da kwanan watan ranar. Duk abin da ya gaza a rubuta a jikin takardar karɓa, wakilin dila ya sa hannu, a ɗauki hoto, sannan ka biya ciko.

10. Lamba da takardu

Kai rasidin saye, takardun kwastan, shaidarka da inshora ofishin yin lamba na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. A nan za a ba ka lamba, lasisin mota da takardar mallaka, jami'an VIO kuma su ba da ta lafiyar mota. Faɗi gaskiyar aikin da za ta yi, domin lambar motar gida daban take da ta haya, haka ma inshorarsu. Sabuwar mota cikakkiyar inshora ta dace da ita, ba mai biyan wanda aka buga kaɗai ba. Ka ware wa wannan mataki kwana biyu zuwa mako guda, ka kuma duba littafin garanti ka ga kilomitar sabis na farko da garejin da aka yarda a yi shi, don in a Kano yake, sai ka tsara tafiyar tun kafin lodin kaka ya kankama.